Tsofaffin Motocin Ƙwanji na Amurka: Wacce Ta Dace da Sabon Shiga?

A watan Janairun 2020, a garin Kissimmee na jihar Florida, aka shigo da wata tsohuwar Ford Mustang koriya filin gwanjon kamfanin Mecum. Fentinta ya koɗe, jikinta duk ƙarzuna, tsatsa ma ta fara leƙowa. Duk da haka aka yi ta tayawa har kuɗi ya kai dala miliyan 3.4, kuma da aka ɗora la'adar masu gwanjo, mai saye ya biya miliyan 3.74. Abin da ya ba ta wannan daraja shi ne ita ce motar da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968, inda ya kora wata baƙar Dodge Charger a hawa da gangaren titunan San Francisco.

Irin wannan labari shi ke jan hankalin mutane zuwa ga motocin ƙwanji, waɗanda Amurkawa ke kira muscle car. Shi ne kuma ke ɓatar da sabon shiga. Mutum zai ga Charger a fim, ya ji rurin injinta, ya ƙudurta a ransa cewa ita ko ba komai. Daga nan sai ya tattara abin da ya tara ya sayi wadda kuɗinsa suka iya, wato ruɓaɓɓiya, ya jinginar da ita a gareji tana jiran gyaran da ba ya ƙarewa. Waɗanda suka daɗe a harkar shawararsu ɗaya ce: motar farko ta kasance wadda aka ƙera da yawa, mai lafiyayyen jiki, mai matsakaicin inji, wadda za ka tayar ka tuƙa ta gida ranar da ka biya.

Yadda aka faro

Akasarin masu bin tarihin mota suna ɗora mafarin wannan zamani a 1964. A lokacin kamfanin General Motors yana da doka ta cikin gida wadda ta hana sa inji mai girman da ya wuce inci 330 a matsakaiciyar mota. John DeLorean da abokan aikinsa a sashen Pontiac suka zagaye dokar: suka ɗauko inji mai silinda takwas na inci 389, wato lita 6.4, wanda aka tanadar wa manyan motoci, suka cusa shi a jikin Tempest LeMans, suka ce ai ba sabuwar mota ba ce, ƙari ne kawai da mai saye zai zaɓa a kan kuɗin da bai kai dala 300 ba. Suka sa masa suna GTO. An yi hasashen sayar da 5,000, sai ga shi an sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko.

A shekarar dai, ranar 17 ga Afrilu, Ford ya fito da Mustang a bajekolin duniya na New York, a kan dala 2,368. Lee Iacocca na kamfanin Ford ne ya tsaya tsayin daka aka yi ta, kuma kayan cikinta yawanci na Falcon ne, wata mota mai araha da Ford ya riga ya saba ƙerawa. Kafin shekara biyu ta cika an ƙera miliyan ɗaya. Ganin haka sauran kamfanoni suka shigo fage. Chevrolet ya kawo Chevelle SS 396, sannan Camaro a ƙirar 1967. Pontiac ya ƙara da Firebird. Plymouth ya biya kamfanin Warner Bros dala 50,000 don ya ari suna da hoton wani tsuntsu na zanen yara, ya fito da Road Runner a 1968. Dodge ya sake wa Charger siffa a 1968, ya biyo da Challenger a 1970. Gasar ta kai ƙoli a 1970, lokacin da Chevelle SS 454 mai lambar LS6 ta fito da ƙarfin doki 450, injin Hemi 426 na Chrysler kuwa ana rubuta masa 425.

Daga nan tauraronsu ya fara dusashewa. Kamfanonin inshora sun tsawwala wa matasa masu irin waɗannan motoci. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi. A 1971 General Motors ya rage matsin injinansa don su iya shan fetur maras dalma. A 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana Amurka mai, layi ya miƙe a gidajen mai, ba wanda ke sha'awar mota mai zuƙar fetur. Kafin 1975 zamanin ya wuce. Saboda haka duk motar da muke magana a kanta a yau ta haura shekara hamsin, kuma wannan shi ne abu na farko da mai saye zai riƙe a ransa.

Akwai wani abu game da alƙaluman ƙarfin doki da ke ruɗa mutane. Kafin 1972 ana auna inji ne shi kaɗai a kan teburin gwaji, ba salansa, ba matatar iska, ba abin da ke jan ƙarfinsa. Daga 1972 aka koma auna shi yadda yake a jikin mota, sai lambobin suka faɗi ƙasa warwas ko da injin bai canja sosai ba. Don haka kada a raina ƙirar 1972 saboda lambar da ke takarda. Sau da yawa ta fi 'yar'uwarta ta 1970 araha, alhali jikinsu kusan ɗaya ne.

Suna ko yawa?

Daraja a wannan kasuwa tana bin ƙaranci. Camaro ZL1 ta 1969 guda 69 kacal aka yi. Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi ba su kai 15 ba, kuma an sayar da ɗaya a kan dala miliyan 3.5 a 2014. Waɗannan na masu tara dukiya ne, ba a cika ganinsu a titi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Mustang ƙirar 1966 kaɗai an yi sama da 600,000.

Ga sabon shiga, yawan nan shi ne gata. Motar da aka ƙera da yawa tana da kayan gyara a ko'ina, tana da littattafan da suka warware ta kusa bayan kusa, tana da ƙungiyoyin masu ita a kusan kowace jiha, kuma ranar da ka gaji da ita masu saye na nan. Kamfanoni irin su National Parts Depot da YearOne da Classic Industries suna sayar da sababbin kayan Mustang da Camaro da Chevelle, tun daga robar ƙofa har zuwa murfin but. Kamfanin Dynacorn ma yana buga gangar jikin Mustang da Camaro na wancan zamani sabuwa fil, da izinin masu ainihin ƙirar. Wanda ya sayi AMC Javelin ko Mercury Cyclone kuwa, zai iya shafe watanni yana cigiyar ƙarfen ado guda ɗaya.

Haka batun inji. Akwai manyan injina irin su 396 da 440 da 454, akwai kuma ƙanana masu silinda takwas irin su 289 da 302 na Ford, 327 da 350 na Chevrolet, 318 da 340 na Chrysler. Babban inji yana da nauyi, yana danne gaban mota har ta riƙa gardama a kwana, yana saurin zafi, kuma a wasu motocin ya cika bonet har canja fulogi ya zama aikin yini. Ƙaramin yana ba da rurin da ake so da saurin da ya isa, ba tare da wannan wahala ba. Ƙaramin injin Chevrolet ya fito tun 1955, kuma an ƙera fiye da miliyan 100 na zuriyarsa, don haka da wuya a sami bakanike a Amurka da bai taɓa buɗe shi ba.

Waɗanda suka cancanci a duba

Ta farko ita ce Mustang ta 1965 zuwa 1968, mai rufi na yau da kullum, da injin 289 ko 302. Masu tsattsauran ra'ayi za su ce ba ta cikin ainihin motocin ƙwanji, ƙanwarsu ce. Wannan gardama ce ta masana, ba ta hana mota daɗin tuƙi. Mai zubabben baya, irin ta fim ɗin McQueen, ta fi kyau a ido, amma farashinta kan ninka na mai rufin yau da kullum, alhali inji da giya da ƙafafu duk ɗaya ne.

Ta biyu ita ce Chevrolet Nova ta 1968 zuwa 1972. Ba ta da kwalliya, amma ƙasanta yana da dangantaka ta kusa da Camaro ta farko, ga sauƙin nauyi, kuma 350 yana zama a cikinta daram.

Ta uku ita ce Chevelle Malibu ta 1968 zuwa 1972, wadda ba SS ba. Jikinsu ɗaya da SS, bambancin a inji ne da tambari da 'yan kayan ƙafa. Ta fi Mustang faɗi, iyali za su zauna a sake, kuma jikinta a kan shasi yake zaune daban, abin da ke sauƙaƙa wasu gyare-gyare. 'Yan'uwanta na gida ɗaya, wato Pontiac LeMans da Oldsmobile Cutlass da Buick Skylark, su ma abin dubawa ne, kuma sau da yawa sun fi ta araha.

Wanda zuciyarsa ke wajen Chrysler, mai Dodge da Plymouth, maimakon Charger ya nemi Plymouth Duster ko Dodge Dart. Duster 340 ta 1970 ta sha ba manyan motoci kunya a tsere saboda rashin nauyinta. Charger ta 1968 zuwa 1970 kuwa fina-finai sun tsadantar da ita. Shirin talbijin na The Dukes of Hazzard ya farfasa ɗaruruwansu tsakanin 1979 da 1985, sannan The Fast and the Furious ya sake tayar da son ta a 2001. Yau ko gangar da ta ruɓe a gona ana tayawa da tsada.

Jiki ake saye, ba inji ba

Inji in ya mutu ana sauke shi a ɗora wani cikin 'yan kwanaki, kuma an san kuɗinsa tun kafin a fara. Tsatsa ba ta da iyaka. Mai walda zai buɗe wuri ɗaya ya tarar da uku a ƙarƙashinsa, kuma a Amurka da awa ake biyan ma'aikaci. Shi ya sa mota mai gajiyayyen inji da lafiyayyen ƙarfe ta fi mai sabon inji da ruɓaɓɓen ƙasa nesa ba kusa ba.

Inda mota ta yi rayuwarta yana da muhimmanci. A jihohin sanyi kamar Michigan da Ohio da New York ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma shi ke cinye ƙasan mota. Motocin Arizona da Nevada da kudancin Kalifoniya rana ce ke ƙona musu fenti da kujeru, amma ƙarfensu na nan. Kujera da roba sayensu ake yi a canja. Shasi ba haka ba.

Kowace mota tana da inda take ɓoye cutarta. A Mustang, wurin da ya fi suna shi ne ramin iskar da ke gindin gilashin gaba. Ganye da ruwa suna taruwa a ciki, ƙarfen ya huje, ruwa ya riƙa zuba a kan daɓen mota har ya ruɓe. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zuba ruwa a ramin, a leƙa ƙarƙashin sitiyari a ga ko yana ɗiga. Gyaransa kuwa sai an cire gilashi da fikafikan gaba an yanke walda. Tunda Mustang ba ta da shasi daban, jikinta ne ƙashin bayanta, dole a duba dogayen ƙarafan ƙasa, da mazaunin shokozoba na gaba, da kusurwoyin da ke haɗa gaba da daɓe. A Chevelle da danginta, a duba gindin gilashin baya, da daɓen but, da shasi ta wajen tayoyin baya.

Fenti mai sheƙi a kan tsohuwar mota abin tuhuma ne har sai an ga hotunan aikin da aka yi kafin a fesa shi. A tafi da ɗan maganaɗisu a naɗe a ƙyalle, a bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cika. A sa mai ita ya bar injin da sanyinsa kafin a iso, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye hayaƙi da ƙara. A ɗaga motar sama a shiga ƙarƙashinta da tocila. Wanda ba zai iya zuwa da kansa ba, ya biya mai duba mota mai zaman kansa, ba wanda dillali ya kawo ba. Gani ya kori ji, kuma hoton intanet yana cikin ji.

Takardu da jabu

Tambarin SS ko GT ko GTO ana sayar da shi a kasuwa, kowa na iya liƙawa. Malibu da yawa sun wayi gari sun zama SS a hannun masu neman riba. Ba laifi ba ne mutum ya sayi irin wannan in an gaya masa gaskiya kuma ya biya kuɗin Malibu. Hasali ma ta fi dacewa da sabon shiga, tunda zai tuƙa ta ba fargaba. Laifin shi ne a biya kuɗin asali a karɓi kwaikwayo.

Lambar shasi mai harufa 17 da muka sani yau sai 1981 ta zama doka, don haka kowane kamfani yana da tsarinsa a da. A Mustang ta farko, harafi na biyar shi ke faɗin injin da ta fito da shi: T na nufin silinda shida, C da A na nufin 289 na yau da kullum, K kuma shi ne 289 mai ƙarfin doki 271. In ka ga T a lamba amma silinda takwas a bonet, an yi mata dashe. Sai ka ƙirga notin taya: mai silinda shida huɗu take da su, mai takwas biyar. In har yanzu huɗu ne, an ƙara mata ƙarfi an bar ta da ƙananan birki. Chevelle SS ta 1966 zuwa 1968 lambarta da 138 take farawa, amma daga 1969 lambar ba ta rarrabe SS da Malibu, shi ya sa jabu suka fi yawa a waɗannan shekaru. GTO ta 1966 zuwa 1971 da 242 take farawa. Kamfanin Marti Auto Works yana fitar da bayanin yadda kowace Ford ta bar masana'anta daga 1967, kamfanin PHS kuma yana yin haka ga Pontiac.

A tabbatar lambar da ke jikin mota ta yi daidai da ta takardar mallaka, kuma sunan mai sayarwa ne a kai. Dokar jihohi ta bambanta. A New York, alal misali, motar 1972 zuwa baya ba ta da takardar mallaka irin ta yanzu, takardar rajista ce ake miƙa wa sabon mai ita. A Kalifoniya kuma an yafe wa ƙirar 1975 zuwa baya gwajin hayaƙi.

Wajen farashi, kamfanin inshora na Hagerty yana wallafa jadawalin da ya kasa motoci mataki huɗu, daga ta ɗaya wadda ake kai wa gasar kyau, zuwa ta huɗu mai lahani a bayyane. Ta uku ita ce ta sabon shiga: tana tashi, tana tafiya, tana da kyan gani daga 'yar tazara. Kada a auna kasuwa da abin da ake gani a gwanjon Barrett-Jackson na Scottsdale a talbijin. Kuma kada a zuba duk kuɗin a saye. Shekarar farko ba ta wucewa ba tare da taya da birki da lagireto sun nemi haƙƙinsu ba.

Abin da za ka tarar a bayan sitiyari

Wanda ya saba da Corolla ko Camry zai sha mamaki. Sitiyarin yana da lilo, birkin yawancinsu na ganga ne a ƙafa huɗu, yana rauni in ya ɗau zafi, ba jakar iska, ba na'urar hana taya kullewa. A nan shekarar ƙira tana da tasiri. Daga 1967 motocin suka koma tukunyar birki mai layi biyu, ta yadda in layi ɗaya ya fashe ɗayan zai riƙe. Sandar sitiyari mai lanƙwashewa a haɗari ta zo wa General Motors a 1967, Ford kuma a 1968. Bel na kafaɗa ya zama dole a 1968, matashin kai a 1969. A Mustang har zuwa 1970, saman tankin mai shi ne daɓen but, saboda haka masu ita da yawa suna sa farantin ƙarfe a bayan kujerar baya. Gyara na farko da ya dace a yi wa kowacce shi ne birkin faifai a gaba da bel mai kyau, kafin a yi zancen ƙara gudu.

Injinan kafireto ne, suna son a san halinsu da safe. An yi su ne don fetur mai dalma, wanda Amurka ta haramta wa motocin titi a 1996, don haka a tambaya ko an canja mazaunin bawul. Fetur ɗin Amurka na yau yana da kashi 10 cikin ɗari na itanol, wanda ke cin tsofaffin robobin mai. Baƙin mai kuma sai mai sinadarin zinki isasshe, in ba haka ba kamshaf ya sude. Shan mai kuwa, lita ɗaya ba ta cika wuce kilomita biyar ko shida ba, babban inji ma bai kai haka. Inshorar tsofaffin motoci tana da rangwame, amma galibi da sharaɗin kana da gareji mai kulle da wata motar ta zirga-zirgar kullum.

Mai niyyar kawo ta gida

Sitiyarinsu a hagu yake, daidai da tsarin Najeriya da Nijar da Gana. Tsofaffin makanikanmu da suka ƙware a Peugeot 504 ba baƙin kafireto ba ne. Amma akwai shinge. Najeriya ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, kuma waɗannan sun zarce iyakar da nisa, don haka a nemi bayani a rubuce daga hukumar kwastan kafin a biya ko sisi. Notinansu na inci ne, sufanun milimita za su cinye musu kai, sai an sayo nasu. Duk wani ƙaramin kaya daga ƙetare zai zo. Zafinmu yana buƙatar babban lagireto, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, cika tankin irin wannan mota ba wasa ba ne.

In aka auna komai, Mustang ta 1967 ko 1968 mai rufin yau da kullum, da injin 289 ko 302, ita ce ta fi dacewa da mai farawa. Wanda ya fi son Chevrolet ya nemi Nova ko Malibu mai 350. Ka sayi mafi lafiyar jiki da kuɗinka zai iya, ka tuƙa ta shekara guda kana koyon halinta, sannan ka yanke ko za ka nemi babbar. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.